RA'AYI: Waƙoƙin cocin Potiskum na bin masu su kabari, mu kuma muna ƙirga gine-gine

A watan jiya labari ya iske ni a Abuja cewa wata dattijuwa da muka yi maƙwabtaka da ita a Potiskum tun ina yaro ta rasu a Jos. Mu dai Inna muke ce mata, kamar yadda 'ya'yanta ke ce wa mahaifiyata. 'Yar ƙabilar Ngamo ce, Kirista, kuma ita ce mai ba da waƙa a ƙungiyar matan cocinsu, wadda ake kira Zumuntar Mata. Ranar da suke da bita, da la'asar sakaliya, muna dawowa daga makarantar allo sai mu ji amon tulun nan da suke bugawa yana tsallako katanga, ita tana jefa baiti, mata suna amsawa. Mahaifiyata ba ta taɓa sa ƙafa a coci ba har ta koma ga Mahaliccinta, amma ta san karin wasu daga cikin waƙoƙin nan sarai. Takan yi tankaɗe tana raira karin a maƙogwaro, ban da kalmomin.

Da na buga wa 'yarta waya don yin ta'aziyya, bayan an gama gaisuwa da addu'a, sai na tambaye ta labarin waƙoƙin. Ta ce da ni, "Yaya, ai sun tafi da ita." Wasu Inna ce ta ƙaga su, wasu ta gada daga matan da suka gabace ta, wasu da Hausa, wasu da Ngamo, kuma babu ko ɗaya da aka rubuta. Akwai kaset guda da aka taɓa ɗauka a wani babban taron mata, shi ma ya salwanta a 2012, lokacin da suka bar gari da kayan jikinsu. Abin da ya rage a kan 'yar shi ne amshin waƙa huɗu ko biyar.

Ni Musulmi ne, kuma ban zo nan don in yi wa kowa wa'azi ba. Magana ce nake so in yi da abokan aikina na da, ma'aikatan gwamnatin tarayya, da hadiman ministoci da na 'yan majalisa, waɗanda fayil ke bi ta hannunsu kafin ya zama kuɗi. Ra'ayina shi ne, waƙoƙin ibada na Kiristocin Yobe, da na Arewa baki ɗaya, wani yanki ne na dukiyar harshen Hausa da ta ƙananan harsunanmu, suna kuma ɓacewa a gaban idonmu, kuma taskace su aikin hukuma ne kamar yadda taskace takardun Turawan mulki da ke Kaduna ya zama aikin hukuma.

Wanda bai san Potiskum ba sai ta kasuwar shanu da manyan motoci, bari in tuna masa abin da garin ya gani. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka far wa kasuwar shanun, gommai suka mutu. A daren Kirsimetin shekarar, aka shiga wani coci a wani ƙauye da ke bayan gari, aka kashe mutum shida har da faston, aka cinna wa ginin wuta. A Yulin 2013 aka yi wa ɗaliban makarantar sakandaren Mamudo kisan gilla. Ranar 3 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a cikin masu tattakin Ashura, mako guda bayan nan wani ya tashi a taron safe na makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnati, yara sama da 40 suka rasu. Ranar 5 ga Yuli 2015 aka tayar da bam a cocin Redeemed, mutum biyar suka mutu. Na jero su haka ne da gangan, domin a ga cewa wutar ba ta tambayi addinin kowa ba. Sai dai akwai bambanci guda da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Musulmin Potiskum sun binne 'yan'uwansu, mafi yawansu suka zauna, masallatai suka ci gaba da cika. Kiristoci kuwa, da yake su ne marasa rinjaye, tun daga harin Damaturu na Nuwamba 2011 da aka ƙona coci-coci, da yawansu suka tattara suka nufi Jos da Bauchi da Gombe, wasu suka ƙare a Mararaba da Masaka, nan bakin Abuja. Wasu sun dawo da ƙura ta lafa. Wasu ba za su ƙara dawowa ba.

Da aka zo maganar sake gina Arewa maso Gabas, abin da muka iya ƙirgawa muka ƙirga: ajujuwa nawa, ɗakunan shan magani nawa, gadoji nawa, wuraren ibada nawa. Daidai ne, kuma dokar da ta kafa hukumar raya yankin, NEDC, a 2017 ta zo a kan gaɓa. Amma ƙungiyar mawaƙa ba gini ba ce. Mata talatin ne da suka shekara ashirin suna haɗuwa kowane mako, kowace ta san inda 'yar'uwarta za ta ja numfashi. Idan goma suka koma Jos, biyar suka mutu, sauran suka warwatsu, ko an sake gina cocin da siminti da kwanon zamani, abin da ke cikinsa ya riga ya tafi. Jikokin Inna da suka tashi a Mararaba da Turanci suke waƙa, da fiyano na lantarki. Ba laifinsu ba ne, abin da suka tarar ke nan.

Kafin a ce mene ne abin taskacewa a waƙar coci, ai duk fassarar ta Turawa ce, yana da kyau a san cewa iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ya zo tare da mishan. Ƙungiyar SIM, wadda ta fara shigowa ƙasar nan a 1893, kuma cocin ECWA ya fito daga cikinta a 1954, ta kafa tasha a Kukar Gadu, ba nisa da Potiskum. Da Hausa suka yi aikinsu, ko da a tsakanin Ngamo da Karai-karai. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Mila na Zariya ya yi wa hidima shekara da shekaru, aka kuma tattara waƙoƙin da aka fassara a cikin abin da kowane Kiristan Arewa ya sani da Littafin Waƙoƙi. Wannan kashin ba ya cikin haɗari, domin an buga shi, ana kuma sake bugawa. Yana ma da wata tawaya da duk mai kunnen Hausa yakan ji: an ɗauki kalmomin Hausa an ɗora su a kan karin da aka yanka wa Turanci. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, mai dogon wasali da gajere. Garin da ake zama da garin da ake tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Idan karin waƙa ya ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, sai kalma ta karkace a baki.

Kashi na biyu shi ne amsar da mata suka ba wannan tawaya, ba tare da sun yi taron ƙara wa juna sani a kai ba. Suka ajiye littafi, suka ɗauko tulu da caki da ƙuge, suka koma ga salon da suka sani tun daga daka da niƙa da reno, wato bayarwa da amshi. Suka sa labaran annabawa a ciki, da gargaɗi ga mai shan giya, da nasiha ga amarya, da kukan wadda ta rasa ɗa. Ƙungiyoyin Sabon Rai da suka bazu a Arewa tun shekarun 1960 su ma wannan hanya suka bi. A waɗannan waƙoƙi ne za ka ji Hausar Gudduri ta bakin waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ce, za ka ji kalmomin Ngamo da na Karai-karai da matasa suka daina faɗa, za ka ji yadda talakan ƙauye ya fassara fari da yunwa da gudun hijira. Wannan shi ne kashin da ba a rubuta ba, kuma shi ke bin masu shi kabari.

A nan zan ɗan kauce zuwa wani tarihi mai nisa, saboda akwai wani ma'aikacin gwamnati a cikinsa da ya kamata kowane ɗan Arewa mai riƙe da fayil ya san labarinsa.

Mu Musulmi mun san Rumawa. Akwai sura guda da sunansu, mun kuma san wasiƙar da aka aika wa sarkinsu Hirƙal. Su ne daular da Turawa ke kira Bizantiyam, mai babban birni a Ƙusɗanɗiniyya, Santambul ta yau, wadda ta faɗa hannun Sarkin Musulmi Muhammadu Alfatih a 1453. Da Musulmi suka karɓe ƙasar Sham daga hannunsu, ba su kori ma'aikatan da suka tarar ba. Litattafan tarihin Musulunci sun ambaci wani Kirista, Sarjun ɗan Mansur, a matsayin magatakardan Halifa Mu'awiya, mai kula da sha'anin haraji, kuma ya ci gaba da riƙe aikin har zamanin Abdulmalik ɗan Marwan. A yaren yau sai mu ce babban sakatare ne a ma'aikatar kuɗi. Ɗansa, wanda aka haifa wajejen shekarar 675, shi ne Kiristoci ke kira Waliyyi Yuhana na Dimashƙa. Masu ba da tarihinsa sun ce shi ma ya taɓa aikin fada kafin ya ajiye, ya koma zaman zuhudu a gidan ruhubanawa na Mar Saba, a jejin da ke gabas da Baitalami, inda ya rasu wajejen 749.

Wannan mutum yana cikin manyan mawaƙan cocin Gabas. Gare shi ake jingina tsarin nan na kari takwas da ake rera waƙoƙin ibada a kai, kowane mako da nasa kari, in an kai na takwas a koma na ɗaya. Waƙar da ya tsara ta bikin Ista har gobe ita ake rerawa a Girka da Rasha da Siriya da Labanan. A ƙarni na 19 wani limamin Ingila, John Mason Neale, ya fassara wasu waƙoƙinsa zuwa Turanci, suka shiga litattafan cocin Angilikan, ta nan suka iso Najeriya. Ma'ana, akwai ɗan Najeriyar da ke rera baitin wani ɗan ma'aikacin Banu Umayya ranar Ista bai sani ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarinsa shi ne wanda ya tsare shi. A zamaninsa sarakunan Rum, tun daga Liyo na Uku, suka haramta hotunan waliyyai a coci, suka matsa wa masu kare su. Yuhana ya rubuta raddi mai zafi a kan sarkin, kuma sarkin bai iya taɓa shi ba, domin yana zaune a ƙasar Halifa. Abin da kawai suka iya shi ne tsine masa a taron limamansu na 754, bayan ya mutu, da sunansa na Larabci, Mansur. A 787 wani taron ya wanke shi. Kada kuma a ce na ɓoye wani abu: mutumin nan ya rubuta suka a kan Musulunci, suka mai ɗaci, wadda ni ban yarda da ita ba ko kaɗan. To amma wannan ma ƙarin hujja ce. Daular da ta san ƙarfin kanta ba ta ji tsoron waƙar wani mai zuhudu a cikin duwatsu ba. Idan Dimashƙa ta Banu Umayya ta iya barin wannan gado ya tsira a ƙarƙashinta, ban ga abin da zai sa darakta Musulmi a Abuja ya ji hannunsa na rawa don ya sa hannu a takardar ɗaukar muryar tsofaffin matan Gadaka ba.

Akwai kuma darasi na biyu daga Rumawan, wanda ya fi kusa da batun Inna. Kafin Yuhana an yi wani mawaƙi, Romanos, ɗan garin Homs na Siriya, wanda ya rayu a Ƙusɗanɗiniyya a ƙarni na 6, zamanin da aka gina Aya Sofiya. Ana ɗaukarsa gwanin gwanaye. Dogayen waƙoƙinsa wajen sittin sun iso mu a rubuce, amma karin da ya rera su da shi ya ɓace, domin a lokacinsa ba a ƙirƙiro alamomin rubuta sauti da za su riƙe shi ba. Masana na da kalmomin a gabansu, ba su da muryar. Su suna da uzuri, babu na'ura a zamaninsu. Mu kuwa kowane masinja a sakatariyar tarayya yana da abin ɗaukar murya a aljihunsa.

Ba zan wuce ba sai na ambaci Kasiya, wata mata da ta rayu a birnin a ƙarni na 9, wadda har yau ake rera waƙarta a makon da ke gabanin Ista. Duk lokacin da na tuna ta sai Nana Asma'u ta faɗo mini a rai, da 'Yan Tarunta da ke ɗaukar karatu a cikin waƙa suna kai wa matan ƙauye. Aƙida daban, hanya ɗaya. Waƙoƙin Nana sun tsira saboda zuri'arta sun adana takardun, masana kuma suka bi suka tattara. Matan Zumunta ba su da gidan Waziri da zai adana musu.

A Disambar 2019, a birnin Bogota na Kolombiya, hukumar UNESCO ta sa waƙar cocin Rumawa cikin jerin al'adun da duniya ta gada, bisa buƙatar Girka da Kubrus. A wannan zaman ne kuma aka sa wasan Kwagh-hir na Tibi. Kafin nan Argungu ta shiga a 2016, hawan sallar Kano ya biyo baya a 2024. Ke nan jami'anmu sun san hanyar, sun san yadda ake cika takardun. Najeriya ta amince da yarjejeniyar 2003 ta kare irin waɗannan al'adu tun a 2005, kuma yarjejeniyar ta wajabta wa kowace ƙasa ta yi rajistar abin da take da shi a cikin gida. Ba ina cewa a kai waƙar Zumuntar Mata gaban UNESCO gobe ba. Ina cewa mun fi son al'adar da ke da doki da alkyabba da rumfar manyan baƙi, wadda minista zai je ya yanke ƙyalle. Wadda ke zaune a maƙogwaron tsohuwa ba ta da mai ɗaukar mata fayil.

Na san abin da za a ce, domin an taɓa faɗa mini. Shekarun baya, ina aiki a wata ma'aikata da ba sai na kama sunanta ba, na rubuta takarda shafi biyu ina ba da shawarar a tura ƙaramar tawaga ta ɗauki muryoyin mawaƙan addini a garuruwan da rikici ya ɗaiɗaita, na Musulmi da na Kirista. Fayil ya yi wata huɗu yana yawo. Da ya dawo, abin da aka rubuta da jan biro layi ɗaya ne: batun na da sarƙaƙiya, a jingine. Wanda ya rubuta ba mugu ba ne, na san shi, mutumin kirki ne. Tsoro ne kawai irin namu na ma'aikata, wanda ke ganin duk takardar da kalmar coci ko masallaci ta fito a ciki kamar garwashi ce.

Hujja ta farko da akan kawo ita ce sashe na 10 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa. Gaskiya ne. Amma tsarin mulkin nan dai, a sashe na 21, ya ɗora wa gwamnati kare al'adun Najeriya da adana su. Kuma ƙasar da ke da hukumar alhazai da hukumar masu ziyarar ibada ta Kirista, kowace da ginin ofis da ma'aikata da kasafi, ba za ta ce sashe na 10 ne ya hana ta sayen na'urar ɗaukar murya ba. Ɗaukar waƙa a ajiye a taska ba yaɗa addini ba ne, kamar yadda ajiye rubutun ajami a Gidan Arewa da ke Kaduna ba da'awa ba ce.

Ta biyu daga 'yan'uwana Musulmi take zuwa, kuma ita na fi ɗauka da nauyi. Wani zai ce, yaya zan sa hannuna a adana kalmomin da na yi imani ba daidai ba ne, balle ma da kiɗa a ciki, alhali malamai sun yi saɓani a kan kiɗan kansa? Ba ni da matsayin ba da fatawa. Abin da na sani shi ne aikin gwamnati amana ce ta kowa. Ma'aikacin da ke biyan fanshon fasto mai ritaya daga aikin koyarwa bai zama Kirista ba, injiniya Kirista da ya shimfiɗa titi zuwa filin idi bai musulunta ba. Malamanmu na farko ma sun adana waƙoƙin Jahiliyya, da gumakansu da giyarsu, saboda a ciki Larabci yake, kuma da su aka yi sharhin kalmomi masu wuya. Wanda ke kishin Hausa da gaske ba zai zaɓi bakin da za ta fito ba.

Ta uku ita ce yunwa. Za a ce mutane na neman abin kai wa baka, kai kana maganar waƙa. Wannan hujjar takan yi daɗin faɗa, amma duk wanda ya taɓa ganin takardar kuɗin taron bita na kwana uku a otal ɗin Abuja, da alawus da jakunkuna da kwalaben ruwa, ya san ba daga bakin mayunwaci za a ciro kuɗin wannan aiki ba.

Su ma shugabannin coci ba zan ƙyale su ba. Da yawansu sun fi kowa raina waƙoƙin nan. Sukan ga waƙar tulu ta ƙauyawa ce, ta tsofaffi, a ba ta minti biyar kafin wa'azi a wuce ga ta zamani. Cocin da zai tara miliyoyi ya sayi manyan lasifikoki bai taɓa tunanin zaunar da tsofaffin matansa a ɗauki abin da ke kansu ba. Akwai kuma zargi, wanda ba zan ce ba shi da dalili ba: mutumin da aka ƙona masa wurin ibada, in ya ga jami'in gwamnati da na'ura yana tambayar sunaye, dole gabansa ya faɗi. Saboda haka aikin ba zai yiwu ba sai da su a gaba, su zaɓi wanda za a ɗauka, su riƙe kwafinsu, kuma haƙƙin mallakar waƙa ya zauna ga mai ita.

Potiskum ta taɓa ganin irin wannan aiki, shi ya sa na san mai yiwuwa ne. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya zauna a garin tun ƙarshen shekarun 1960 yana nazarin harshen Ngizim, ya fitar da ƙamusunsa a 1981. A farkon shekarun 2000 ya dawo, tare da Farfesa Alhaji Maina Gimba da 'yan ƙasa masu jin harsunan, suka yi ƙamus na Bolanci da Karai-karai da Ngamo da Bade da Ngizim, kuma a Potiskum ɗin aka buga su. Ba runduna suka zo da ita ba, mutane kaɗan ne da haƙuri. Abin kunyar shi ne kuɗin daga Amurka ya zo. Haka ma faya-fayan kiɗan Hausa da David Ames ya ɗauka a shekarun 1960, a Turai aka buga su. Schuh ya rasu a 2016, kuma ban ga dalilin da zai sa mu zauna jiran wani Bature ya sake tausaya mana ba.

Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a cikin garin Potiskum, ga Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, ga Jami'ar Maiduguri da ta daɗe tana nazarin harsunan yankin. Ɗalibai na nan da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Abin da ake bukata shi ne layi guda a kasafin NEDC ko na majalisar raya al'adu ta ƙasa, da na'urori masu kyau kaɗan, da kuɗin mota, da ɗan abin goro ga tsofaffin da za su ba da lokacinsu. A ɗauki murya da hoto, a rubuta kalmomin, a fassara na Ngamo da na Karai-karai zuwa Hausa, a rubuta wanda ya ƙaga waƙar da lokacin da ake yin ta, a ajiye kwafi a Potiskum, kwafi a taskar tarihi ta Kaduna, kwafi a intanet. Kuma tawagar da ta je coci da safe ta zarce zawiyya da yamma. Masu karanta Ishiriniya da tsohon kari su ma suna ƙarewa, haka masu bege na da, haka makafin da suka haddace Imfirajin Aliyu Namangi, haka matan da suka san waƙoƙin niƙa. Na sa waƙar coci a gaba ne kawai don ita ce ta fi kusa da bakin rami a Yobe, kuma ita ce ba ta da mai magana da yawunta a ofisoshin da ake raba kuɗi.

Hadimin ɗan majalisa da ke karanta wannan ya san lokacin da ake tattara ayyukan mazaɓu, ya san yadda ake cusa layin raba babura da kekunan ɗinki. Maigidansa ba zai yi asarar ƙuri'a ko ɗaya ba don an ce ya taskace muryoyin iyayen mazaɓarsa, na masallaci da na coci.

'Yar Inna ta ce mini akwai mata biyu da suka rage daga cikin tsofaffin da suka yi waƙa tare da mahaifiyarta. Ɗaya tana Potiskum, idonta ya tafi amma kanta garau. Ɗayar tana wajen ɗanta a Gombe, an ce jikin sai a hankali. Mun yi da ita za mu haɗu a Potiskum a hutun Kirsimeti, ita ta yi mini jagora, ni in zo da wayata da wani yaro ɗalibi mai jin Ngamo. Ta Gomben kuwa ta ce kada mu jira Disamba.